Mugun da Aka Ba Ni a Zauren Tela

A shekarar da damina ta sake yi mana gardama, ina mushe, wato malami, a wata ƙaramar lakwal, makarantar boko, a Zinder. Yaran ajina da yawa sun bi iyayensu kudu. Waɗanda suka rage kuwa kife kai suke yi a kan tabur su yi ta barcin yunwa, ni ma ba na tashinsu. Idan aka tashi da rana, sai in ja ƙafa cikin rairayin lungunan Birni zuwa zauren wani tela abokina, domin gidana ya cika da ƴan'uwan da suka gudo daga ƙauye, babu inda mutum zai miƙe ƙafa.

Mu huɗu muke haɗuwa: ni, da telan, da wani mutumin Gaffati mai aikin buro, wato ofis, da surukin telan wanda ya yi karatu a ƙasar waje ya dawo bai sami aiki ba. Shi ya zo mana da wani wasa. Shi ne mai labari: zai ce ga gari, ga daji, ga abin da ya tare hanya. Kowannenmu ya riƙe mutum ɗaya a cikin labarin, ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, sai a jefa ɗan lido a ga ko abin ya yiwu. Ɗinki ya tsaya cik, babu mai sabuwar riga a irin wannan shekara, saboda haka tabur ɗin yankan yadi ya zama namu.

Tela ya ɗauki maharbi. Mutumin Gaffati ya ɗauki mai magani. Ni aka bar wa mugu.

"Ba ɓarawo ba fa, Mushe," in ji mai labari. "Ɓarawo ya san abin da yake nema. Naka ba ya bin sarki, ba ya bin doka, ko maganar bakinsa ba ya bi. Yau ya ceci mutane, gobe ya cinna wa rumbunsu wuta."

"To, don me?"

"Wannan kuma aikinka ne."

Na yi iya yina. In zare ido, in kumbura murya, in yi dariya irin ta dodo. Su kuwa sai su yi ta ƙyalƙyala har tela ya riƙe ciki.

"Mushe, wannan mugun naka ko akuya ba za ta matsa masa ba," in ji shi.

Mai labari dai kai yake girgizawa. "Ban yarda da shi ba tukuna."

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa na tafi Mirriya neman gero. Ɗan abin da na samu bai cika ƙasan buhu ba. Na dawo a gaban wani kamyo, babbar motar kaya, kusa da shofer, dattijo mai sanyin magana. Ya ɓara goro ya ba ni, ya tambayi iyalina da yaran lakwal.

Bakin hanya duk mutane ne masu tafiya a ƙasa zuwa Zinder, da ƙullin kaya a ka. Can muka wuce wani ayari, sai ya taka birki ya tsaya a ɗan gabansu, ya fito da hannu ya yafito su. Suka kwaso da gudu, irin gudun wanda babu komai a cikinsa. Akwai tsohuwa da ƙwarya a hannu, akwai wani mutum da ɗa a kafaɗa. Yana kallonsu ta madubi. Sai da mutumin ya ɗora hannu a ƙarfen mota, sannan ya ja ta, ya bar su a nan.

Bai yi dariya ba. Hamma ma ya yi.

"Malam, me ya sa?" na tambaye shi.

"Barci nake ji," ya ce.

Kafin mu shiga gari ya sake tsayawa, ya sauka da kansa ya kamo hannun wani makaho ya hau da shi, ya kai shi har tasha. Na sauka da buhuna. Na kama hanyar gida.

Da muka koma zaure bayan kwana biyu, ban zare ido ba. Mutumina ya yi ta magana a hankali, ya raba wa abokan tafiya guzurinsa, ya ɗaukar wa mai magani jaka. Labari ya kai mu wani ƙauye da rijiyarsu ta ƙafe. Mai labari ya ce akwai mai haƙa a can ƙasa, ƙasa ta fara rufto masa, igiya kuma tana hannun mutumina.

"Ina jawo shi," na ce. "A hankali. Ina ce masa kada ya ji tsoro, ya kusa."

Aka jefa ɗan lido. Ya yiwu.

"Ya ɗora hannu a bakin rijiya," in ji mai labari.

"Na saki igiyar."

Tela ya dube ni. "Don me?"

"Barci nake ji."

Babu wanda ya yi dariya. Muna jin sautin turmin maƙwabta, ana dakan dusa. Mai labari ya juya ɗan lido a tafin hannunsa, ya ce, "Yanzu kam na yarda da shi." Amma babu daɗi a muryarsa.

Mutumin Gaffati ya jawo takalmansa. Duka mun san mahaifinsa da yayyensa suna can suna ta ƙara zurfin rijiyar ƙauyensu, ruwa ya ƙi fitowa.

"Mushe," ya ce, bai ɗaga murya ba, "irin wannan a waje muke baro shi. Nan hutawa muke zuwa yi."

Na ba shi haƙuri, ya ce babu komai, ya zauna. Tela ya ce maharbinsa ya ɗana kibiya zai harbe mugun. Wallahi a raina addu'a nake yi ta same shi. Aka jefa, ta kuskure. Aka sake, ta sake kuskurewa. Mai labari kuma ba ya yi wa ɗan lido ƙarya.

Haka na ci gaba da ɗaukarsa makonni. Na nemi in koma tsohuwar dariyar dodo, ta ƙi zama. Duk sanda mutumina ya yi wani alheri, sai in ga sun yi tsit suna jiran abin da zai biyo baya, ni ma ina jira. Nakan fito daga zauren na fi gajiya da lokacin da na shiga.

Wasan bai ƙare ba, tsayawa ya yi. Mutumin Gaffati ya tafi kwaso iyayensa, da ya dawo da su ba shi da sauran lokacin zama. Surukin tela ya sami aiki a Yamai, ya hau mota. Muka bar mutanenmu tsaye a ƙofar wani gari da mai labari bai riga ya faɗa mana sunansa ba.

Ni da tela muka ci gaba da haɗuwa da rana. Ya kishingiɗa a gefen keken ɗinkinsa, ni in jingina da bango, wani lokaci har a kira la'asar. Sai mu yi alwala da ɗan ruwan da ke buta, rabi nasa rabi nawa, mu fita masallaci.