Awartakin Kawu Sidi da Injin Madam

Duk wanda ya san Kawu Sidi a Agadas ya san awartakinsa kafin ya san fuskarsa. Maƙerin azurfa ne, ƙanen mahaifiyata, a gidansa na tashi, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya ɗauki abu da yatsunsa ba in dai awartaki zai iya. Da shi yake ɗaukar garwashi, da shi yake jefa sukari a butar shayi, da shi yake miƙa wa baƙo goro. Kunnuwanmu ma, mu ƴaƴan gidan, sun san shi sarai. Ko masallaci zai tafi, yana nan soke a ɗamararsa.

Wasunku za su tuna ranar da soja ya tare shi a shingen hanyar Tabelot, ya ce ya kawo kartidante, wato takardar shaidar ɗan ƙasa. Zamanin soja ne, lokacin da mutum ke tauna magana sau uku kafin ya fitar da ita. Kawu ya kama takardar da awartaki ya miƙa.

"Tsoho, raini ne wanga?" in ji sojan.

"A'a, shef. Duk abin da ya fito hannun gwamnati zafi gare shi, ni kuwa ban taɓa abu mai zafi da hannu."

Sojan ya rasa ko fushi zai yi ko dariya, ya ce masa ya wuce. Inna Azara, matarsa, kwana uku tana jiran a zo a tafi da shi.

Ga kuma tsumulmula. Ganyen shayi sai ya dafa shi sau biyar, har ruwan ya fito fari tas, ya ce wannan na ƙarshe shi ya fi lafiya ga hanta. Gawayi kuwa, da ya gama aiki sai ya bi garwashin ɗaya bayan ɗaya yana kashewa a rairayi saboda gobe. Da fari ya dawo, dabbobi suka ƙare a daji, itace ya yi wuya, masu tsaron daji suka hana sara, sai tsumulmularsa ta sami hujja. Ya kafa doka a gidan cewa gawayi na ƙira ne kaɗai, mai son gashi ya je ya shanya abinsa a rana.

A wannan shekarar ce injin ya shigo gidanmu. Wata Bafaranshiya mai koyarwa a lekwal, makarantar boko, za ta koma ƙasarsu, Kawu ya ƙera mata ƴan kunne, ita kuma ta bar masa abin gasa burodinta na lantarki. Ɗan akwati ne na ƙarfe mai baki biyu, in an danna hannunsa ƙasa wayoyin ciki su yi ja. Mu dai injin Madam muke ce masa. Burodinmu dogo ba ya shiga bakinsa, kuma ina ma burodin yake a lokacin? Kawu ya yi kwana biyu yana juya shi, ran na uku ya ɗauko cuku, busasshen nonon akuya irin namu mai faɗi siriri, ya zura. Ya shige daidai kamar don shi aka yi. Murna wajen Kawu ba a magana, ga gasasshen cuku da shayi, gawayinsa kuma yana nan.

Matsalar ita ce cuku in ya ji zafi lanƙwashewa yake yi. Sai ya maƙale a wayoyin, hannun injin ya ƙi tashi, ciki ya ci gaba da ja. Ni a lokacin ina aiki a likita, wato asibiti, na kuma ga abin da kuran, wutar lantarki, ya yi wa wani mai gyaran mota, wanda aka kawo mana ba ya numfashi. Da na ga Kawu yana auna bakin injin da awartakinsa, sai na tare shi.

"Kawu, ƙarfe da kuran ba su haɗuwa," na ce masa. "In abu ya maƙale, a cire igiya daga piriz ɗin bango tukuna, a bari shi huce, a kifa shi a girgiza. In ya ƙi, a sa tsinken icce."

"Ke Tima, lekwal ta ɓata ki. Abin da ke ciki ja ne ko ba ja ba?"

"Ja ne."

"Yana ƙuna?"

"Yana ƙuna, amma..."

"To wuta ce, kakan kakana shi ke aiken ta kasuwa. Ni za ta ci?"

Na kai ƙara wajen Inna, na gaya mata duk abin da na gani a likita. Sai ta dubi bango. Piriz ɗaya ne tak a gidan, a ɗakinta yake, daga nan doguwar igiya ta fita ta taga, ta ratsa tsakar gida, ta kai rumfar da Kawu yake ƙira.

Sa'ar da muka ci ita ce Kawu ba ya taɓa wuta sai ya yi mata kirari, kuma da ƙarfi yake yinsa don maƙwabta su ji. Ranar farko da cuku ya maƙale, ya ɗaga awartaki ya ce, "Wuta, ga ɗan maƙera, sadda kai!" Inna na ɗaki ta fizge igiyar daga bango. Jan nan ya dushe a hankali a gaban idonsa. Kawu ya dube ni, ya dubi injin, ya ce, "Kin gani? Ta san gida." Ya zaro cukunsa ya ci. Bayan ya tashi, Inna ta mayar da igiyar.

Haka aka yi wata da watanni. Labari ya bazu a unguwa, mutane na zuwa kallon maƙerin da kuran ke yi wa ladabi. Ni kunya da tsoro suka hana ni sukuni, Inna kuwa ko wanka ba ta shiga in ta ji ƙanshin cuku. Wani tela maƙwabcinmu har da kawo goro, yana roƙon a koya masa kirarin don ya gyara abin gugarsa. Kawu ya ce gado ne, ba a bayarwa. Ban taɓa gode wa Allah a kan rowar mutum ba sai ranar.

Daga baya cukun ma ya ɓace daga kasuwa, don babu awakin da za a tatsa. Injin ya yi wata biyu yana shan ƙura, muka saki jiki. Ran nan aka yi shelar rabon dawar agaji a filin bayan gari. Rumbunmu ya kai ƙasa, abin da ya rage bai fi tuwon kwana biyu ba. Ni da Inna muka bi layi tun bayan sallar asuba. Kawu ba ya zuwa irin wannan wuri, ya ce maƙeri ba ya miƙa kwano. Sojoji ke tsaron layin, dokarsu kuma a fili take, wanda ya fita ya fita ke nan.

Rana ta take, saura mata bakwai a gabanmu, sai ga matar telan nan ta iso tana neman wuri a baya. Ta tsaya ta gaishe mu.

"Azara, kun yi baƙo. Ghali na Iferwan ya sauka, na gan shi yana kwance ma mai gidanki cuku daga bakin rawani."

Ghali tsohon aminin Kawu ne, makiyayi, wanda fari ya cinye masa garke. Inna ta dube ni, na dube ta. Baƙo, cuku, shayi, ga Kawu da son nuna bajinta, ɗaki kuma ba kowa. Ta dubi buhunan dawa da ke gabanmu sau ɗaya, ta ajiye kwaryarta a ƙasa.

"Ruga, Tima. Ina bayanki."

"Inna, ki tsaya ke, ki karɓa."

"In karɓa in dafa ma wa?"

Ban san ina da gudu haka ba. Takalmina ɗaya ya tsinke wajen kasuwa, na bar shi nan. Tun daga bakin lungunmu na jiyo muryar Kawu, "Wuta, ga ɗan maƙera, sadda kai!" Na faɗa zaure, na ji ya sake faɗa, wannan karon da fushi. Ashe abin da ya cece shi ke nan, don sai da ya yi kirarin sau uku yana jiran jan ya dushe, jan ya ƙi. Cuku na hayaƙi, baƙo na kallo, kunya ta kama shi. Na shigo tsakar gida daidai yana cewa, "Yau kin manta ubanki ne?" yana saukar da awartakin.

Ɗaki ya yi mini nisa. Na faɗa kan igiyar da ke kwance a ƙasa na fizge ta da hannu biyu. Kanta ya fito daga bangon ɗakin Inna ya daki taga, injin kuma ya faɗo daga kan turmin da aka ɗora shi, ya kife. Cukun ya faɗo da kansa a kan tabarma, gefensa ɗaya ya ƙone. Na zauna a ƙasa ina haki.

Inna ta iso, mayafi a hannu, ba kwarya. Ta ga mijinta tsaye da ransa, ta jingina da bango ta ce alhamdulillahi ya fi sau goma. Daga nan ta gaya masa gaskiya duka a gaban baƙonsa, tun daga ranar farko.

Kawu ya murtuke. "Ƙarya ne. Yau ɗin ma da kun bar ni, da ta sadda kai. Nauyin kunne ta yi."

Inna ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta mayar da igiyar, ta fito ta tayar da injin, ta danna hannunsa har ciki ya yi ja. Sannan ta zare awartakin daga hannunsa, abin da ba wanda ya taɓa yi.

"Shekara talatin ina cin tuwon maƙera, ai ni ma ta san ni. Yi mata kirarin, ni in sa."

Ta kai ƙarfen bakin injin. Kawu ya cafke wuyan hannunta da yatsunsa, ba da awartaki ba, ya riƙe gam.

"Tima," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa, "je ki cire igiyar."

Ghali ya ɗauki cukun ya kakkaɓe, ya raba shi huɗu. Ya ce na akuyarsa ta ƙarshe ne, bai ɗauko shi tun daga Iferwan don ya ci shi a zaman makoki ba. Muka ci da shayi, na farko kuwa, ba na biyar ba.

Dawar ranar ta wuce mu. Da aka sake rabo bayan kwana huɗu, Kawu da kansa ya ɗauki kwarya ya bi layi tun asuba. Ya dawo da ita cike, yana faɗin wai ya je ne ya duba ko sojoji sun iya awo.

A makon nan ya fere zarbar dabino ya yi ɗan awartaki na itace, ya rataye shi kusa da injin. Daga nan kuma ya zama mai wa'azi. Duk wanda ya shigo sai ya ji, a cire igiya tukuna, a bari ya huce, a kifa, ban da ƙarfe, ban da jiƙaƙƙen hannu. Ya je har shagon tela ya karanta masa. In aka tambaye shi inda ya samo wannan ilimi, sai ya ce gado ne. Ni da Inna ba mu taɓa ƙaryata shi ba.

Ya yi shekaru masu yawa bayan wannan, ya ga ruwa ya dawo, ya ga cuku ya cika kasuwa. Amma har ya tsufa, ko da shi da kansa ya cire igiyar, ba ya kai hannu ga injin sai ya ɗaga murya ya ce, "Azara, kin cire?" Ita kuma daga ɗaki ta ce, "Na cire." Ya rasu a kan shimfiɗarsa, da rana tsaka, hannunsa cikin nata.

Allah ya ji ƙan Kawu Sidi, ya yafe masa taurin kansa, ya sanyaya masa makwanci. Yadda ka tsare mana shi daga ta duniya, ya Allah, ka tsare shi daga ta lahira. Inna Azara kuma, da har yau take juyowa in ta ji ƙanshin cuku, Allah ya ba ta haƙuri.