Ranar da Inna ta ce in sa hannu a kwanonta

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba zan manta ranar da surukata ta ce in sa hannu a kwanonta ba. Na san wani zai ce, to mene ne abin labari a cin tuwo? Ku dai saurara.

Ni 'yar Madadi ce ta ƙasar Gwarzo, aure ya kai ni wani ƙauye kusa da Durun. Maigidana direban babbar mota ne, yana kai hatsi Kudu, sai ya yi sati uku ban sa shi a ido ba. Don haka zamana da mahaifiyarsa ne, Inna. Kai, Inna! Ga ta 'yar firit, amma in ta buɗe baki har kaji sai sun watse. Ba ta taɓa cin miyata ta ce madalla ba, yau gishiri ya yi yawa, gobe daddawa ba ta ji ba. Sunana ma ba ta kira, sai "ke 'yar Madadi". Kuma kamar yadda aka saba tsakanin suruka da matar ɗa, shekara huɗu ina gidan ban taɓa kai loma baki a gabanta ba. In ta shigo ina ci, rufe kwanon nake yi in sunkuyar da kai.

Wata shekara da kaka, dawa ta yi tsayi ta fid da kai, aka aiko cewa mahaifiyata ba lafiya. Maigidana yana hanya, Inna da kanta ta ce in je in dubo ta. A dawowa, bayan la'asar, na hau mashin ɗin haya na wani da ban sani ba. Da muka bar titi sai ya ce akwai yanke, ya saki hanya ya nausa cikin gonaki. Na yi ihu, na yi kokawa, babu kowa. Ya yi mini fyaɗe, ya hau mashin ɗinsa ya tafi. Iyakar abin da zan faɗa ke nan. A ƙafa na ƙaraso gida da takalmi ɗaya, mayafi a yage, mazauna bakin masallaci suna kallona.

Inna ta dube ni sau ɗaya ta gane. Ta sa aka samo mota ta kai ni asibiti a Gwarzo, washegari kuma ta tsaya a ƙofar mai unguwa sai da aka kai maganar wajen hukuma. Ba a kama mutumin ba, har yau.

Ni aka kama, da baki. Katangar gidanmu ta kara ce, komai ina ji. "Me ya kai ta hawa bayan baƙo?" "Ai wadda ta kama kanta ba a taɓa ta." Maƙwabtan da ke aiko kwano in zuba musu miya suka daina. Mahaifina ma, bawan Allah, saƙon da ya aiko shi ne in yi shiru kada in fita. Sannan baffan maigidana ya zo zaure ya ɗaga murya don in ji: "In yaron nan ya dawo ya sallame ta. Ba ma ajiye abin kunya a gidan nan." Inna ta ci gaba da aikinta kamar ba ta ji ba. Na ce shi ke nan, da ma ba sona take yi ba. Na ƙulle tufafina a zane, ina kallon 'yata mai shekara uku, don na san in aka sake ni ba za a bar ni in tafi da ita ba.

Ana kwana goma da faruwar abin aka yi suna a gidan baffan nan, matar ɗansa ta haihu. Da hantsi sai ga Inna ta ɗaga labulena.

"Ke 'yar Madadi, tashi ki yi wanka. Shuɗiyar atamfar nan za ki ɗaura."

"Inna, don girman Allah ki bar ni."

"In bar ki? Kashe wani kika yi? Tashi, ni ba na son sanyin jiki!"

Haka na bi ta. Muna shiga, tsakar gidan da ke cike da hayaniya ya yi tsit. Wata ta janye tabarmarta. Aka kawo wa Inna nata kwanon na manya, tuwon shinkafa da miyar taushe. Na raɓe can jikin bango ina addu'ar ƙasa ta tsage. Sai na ji ta ce, "Matso nan. Wanke hannu."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Matar baffa ta riƙe haɓa ta ce, "Haba Yaya! Ke da matar ɗanki kwano ɗaya? Ina kunya?"

Inna ta ɗago. "Kunya? Kwana goma kuna yawo da kunya kun rasa inda za ku sauke ta sai a kan yarinyar nan. Ni na aike ta, uwarta ta je dubawa. Mai abin kunyar yana can yana yawo a kan mashin, ban ji wadda ta tambayi wa ya haife shi ba. In ƙazanta kuke gani a jikinta, to ku duba, ga hannuna inda nata yake." Ta kamo hannuna ta tsoma a miyar, ta turo tsokar naman gabana. "Ci mana! Ko sai na ɗura miki?"

Na ci, hawaye na zuba cikin kwanon. Wallahi ban san ɗanɗanon tuwon nan ba, amma ban taɓa cin abin da ya kai shi ba. Ba zan ce duk matan sun sauya ba, wasu taɓe baki suka yi. Amma mai jegon ta aiko a miƙo mini jaririn in ɗauka, wata maƙwabciya kuma ta matso ta ba ni ruwa ta ce, "Sannu, kin ji?" Ita ce sannu ta farko da na samu a garin.

Bayan kwana biyu maigidana ya dawo, baffa ya tare shi a zaure. Maigidana shi ne ɗan farin Inna, ba ta yi masa magana ido da ido, amma ranar sai ga ta a tsaye a kansu. Ina jin ta daga ɗaki: "In takarda za ka rubuta, rubuta biyu. Da ni da ita da jikata za mu koma Madadi." Ya ce, "Inna, ni wa ya ce miki zan rubuta?" Ya shigo ya ga ƙullin kayana, ya durƙusa ya kwance shi da hannunsa. Idonsa ya yi ja ya ce, "Allah ya isar miki. Ki yafe mini da ba na nan."

Yau shekara goma sha biyar ke nan. Inna ta tsufa, hannunta na rawa, ni nake ba ta abinci a baki, kuma a kwano ɗaya muke ci. Jiya ma sai da ta ce gishiri ya yi yawa. Na ce, "Inna, ban sa gishiri ba fa, likita ya hana." Ta ce to shi ya sa ba daɗi. Ina son matar nan kamar raina.

Abin da ta koya mini shi ne, kunyar fyaɗe ta wanda ya aikata ce, ba ta wadda aka yi wa ba. Kuma tausayin da ake yi a ɓoye cikin ɗaki ba ya tsayar da mace a kan ƙafarta. In an zalunci wata, kada ku tambaye ta me ya fitar da ita. Ku matsa kusa da ita inda kowa zai gani, ku ce ta wanke hannu.