Takardar da Baba Kashim Ya Ƙwato Daga Hannun Mai Ƙosai

Da an idar da sallar asuba, kafin masu shayi su gama hura wuta, Baba Kashim ya riga ya buɗe garejinsa da ke kan hanyar Roni a Kazaure. Ba sifana yake fara ɗauka ba. Sai ya share gaban rumfa, ya jera galan-galan na baƙin mai a kan benci, kowanne ya juyo lambarsa waje, sannan ya jawo wata tsohuwar adakar ƙarfe ya zauna a kai. In mota ta zo juye, wato a zubar da tsohon mai a zuba sabo, ba ya tambayar mai ita wanne yake so. Murfin mai yake dubawa. In babu rubutu a kai, ya tashi ya buɗe adakar nan. Cike take da littattafan motoci, na Turanci da na Faransanci, har da wasu da har yau ba mu san yaren wace ƙasa ba ne. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki. Makon jiya ya ajiye, don idanunsa sun fara yana, ƙananan lambobi sun daina fita, shi kuwa ya ce ba zai zuba wa motar mutum mai da kintace ba.

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauyukanmu bakwai da ke tsakanin Roni da Gwiwa, kuma ina cikin waɗanda suka daɗe suna yi masa dariya. A nan wajenmu kowane direba masanin baƙin mai ne. Zai tsoma ɗan yatsa a galan, ya murza da babban yatsa, in ya ji danƙo ya gyaɗa kai ya ce wannan shi ne mai. Hujjarmu guda ce: ƙasarmu da zafi, mai mara kauri ba zai jure ba. Da sintetik ya fara shigowa, wanda yake zuba shar kamar man gyaɗa, Baba Kashim ne ya fara ajiye shi, sai 'yan tasha suka laƙaba masa Kashim Ruwa-ruwa. Ba ya amsawa. Iyayensa daga Barno suka zo, in ransa ya ɓaci da Kanuri yake gunaguni, mu kuwa mu ƙara dariya tunda ba ji muke ba.

A shekarar 2013 ƙungiyarmu ta samu motar ɗaukar marasa lafiya, 'yar Kwatano mai kujera bakwai, aka cire kujerun baya aka shimfiɗa katifa. Kafin ita, mace in naƙuda ta yi mata gardama a babur ake ɗaure ta, ko a amalanke, har zuwa bakin titi. Wasu sun isa asibitin Kazaure, wasu a hanya aka juyo da su. Rana ɗaya muka sayo ta da ta wata ƙungiya maƙwabciyarmu, irin motar ɗaya, launi ɗaya. Mun san in wannan ta mutu ba mu da ƙarfin wata.

Da lokacin juye na farko ya yi, shugabanmu Alhaji Daudu ya ce mu raka ta gareji da kanmu, ni da shi da Hamma direba. Murfin man motar ba na asali ba ne, babu rubutu a kansa, littafin irinta kuma babu a adakarsa. Baba Kashim ya zagaye injin, ya leƙa, ya ɗauko galan mai lamba 5W-30 ya ajiye.

Alhaji Daudu ya tsoma yatsa ya murza. Ya ce, "Malam Kashim, motar jama'a ce fa. Wannan ruwan za ka ɗura mata? A ba ta mai lamba ashirin-da-hamsin, mai kauri, irin na motata."

Baba Kashim ya ce, "Alhaji, motarka ta tsufa, cikinta ya buɗe, mai kauri ne daidai da ita, kuma ni nake zuba mata. Wannan kuwa hanyoyin mainta ƙanana ne, wasu allura da kyar za ta shiga. Ka taɓa zuƙar fura mai kauri da tsinken lemo? Haka za ta riƙa yi kowace safiya."

"To zafin bazara fa?"

"Lambar farko ta sanyin safe ce, yadda mai zai ruga ya kai ko'ina da an tayar. Ta biyu kaurinsa ne in inji ya ɗau zafi. Wanda ya ƙera ta ya rubuta abin da take so. Ina littafinta?"

Nan na fara duban ƙasa. Littafin da Faransanci yake, na same shi a aljihun mota ranar da aka kawo ta, na ga ba mai karantawa, sai na ba Tasalla mai ƙosai a bakin tasha ta riƙa naɗe wa mutane. Har godiya ta yi mini. Da na faɗa, Baba Kashim ya dube ni ya yi wata magana da Kanuri, wadda ban taɓa neman fassararta ba.

Alhaji Daudu ya ce tunda babu littafi, a zuba mai kauri a wuce wurin. Baba Kashim ya mayar da galan kan benci, ya goge hannu da tsumma. Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, ba da hannuna ba. Ku ba ni kwana uku. In ban kawo hujja ba, ku kai ta inda kuke so." A ranar na rubuta takardar mayar da motar wani gareji, na sa a aljihu ina jiran kwana ukun su cika.

Abin da ya biyo baya Tasalla ce ta ba ni labari, kuma har yau in ta tuna sai ta yi dariya. Ta ce tana cikin suya ta ga dattijo ya tsuguna gaban kwandonta yana bincike kamar wanda ya yar da zobe. Rabin littafin ya riga ya bi ƙosai cikin gari. Ya bi ragowar shafi-shafi, babu. Sai ta tuna ta shimfiɗa wasu a ƙasan tire don su tsane mai. A nan ya samu shafin, ya jiƙe sharkaf da man gyaɗa, ana hango rana ta cikinsa, amma zanen ma'aunin zafi da lambobin suna nan. Lambobin ya gane, bayanin da ke ƙasansu ne bai iya ba. Ranar kasuwar Babura ya rufe gareji, ya shiga bas da takardar a cikin leda, ya nemo wani ɗan Nijar mai fataucin hatsi, Malam Mu'azzam, wanda ya yi makarantar Faransanci. A tsakanin buhunan gero aka karanta masa, ya sa aka maimaita sau uku, ya rubuta da ajami a bayan kwalin sukari.

Ya same mu a taro ƙarƙashin darbejiyar ƙofar makaranta. Ya shimfiɗa takardar a kan tabarma, ƙanshin ƙosai na tashi, ya sa yatsa a kan layin 5W-30 ya bi shi har inda ya wuce ma'auni arba'in na zafi. Ya ce, "Ga shi. Wanda ya ƙera ta ya san akwai ƙasa irin tamu."

Alhaji Daudu mutum ne mai taurin kai, amma ba ya ƙin gaskiya in ta zo a rubuce. Ya ce, "Shekara ɗaya. In injin nan ya buga, Malam Kashim, ka san ba mai ƙara kawo maka ko keke." Baba Kashim ya ce ya yarda. Na yaga takardata a ɓoye.

Shekarar nan a idon jama'a ya yi ta. Duk wanda ya ji motar ta yi tari sai ya ce ruwan Kashim ya fara aiki. Direbobi da dama suka janye daga garejinsa. Shi kuwa ya rubuta lambar man da farin fenti a cikin bonet, ya gargaɗi Hamma kada ya kuskura ya ƙara mata na kwalba a bakin hanya, kuma duk juye sai ya canza filta. Shekara ta cika, ta biyu ta shiga. Motar maƙwabtanmu, wadda ake ɗura wa mai kauri na awo, ta fara ƙara da safe, ta fara hayaƙi, wata rana injin ya buga a hawan dutse. Mu 'yan ƙungiya mun so mu yi ta baza labari. Baba Kashim ya hana. Ya je da kansa ya duba ta, ya dawo ransa a ɓace, ya ce matan can ma 'ya'yan wani ne. Tun daga lokacin motarmu take ɗauko nasu marasa lafiyar.

Tawa ranar ta zo a bazarar shekara ta tara. Bayan azahar, rana na dukan tsakar ka, 'yata Zulaikha ta haihu a gida, jini ya ƙi tsayawa. Hamma ya murza makulli sau ɗaya motar ta tashi. Ina baya na riƙe kanta a cinyata, muna keta yashi da duwatsu, idona na kan allurar zafin inji don ba na iya duban fuskarta. Allurar ba ta motsa ba har ƙofar asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta ce da mun ƙara rabin sa'a da labarin ya sha bamban. Na fita waje na dafa bonet ɗin motar nan na yi kuka, ban damu da wanda ke kallo ba. Rai na Allah ne, amma na san ta hannun wa ya biyo da sauƙinsa, kuma na san ni ne na kusa naɗe wannan sauƙin da ƙosai.

Baba Kashim, kai ne ka tsuguna gaban kaskon suya da furfurarka saboda matan da ba ka san sunayensu ba. Kai ne aka kira Ruwa-ruwa shekara da shekaru, ba ka rama ba, ba ka kuma sauya galan ba. Ba ka taɓa cewa mara kauri ya fi mai kauri ba, cewa ka yi kowace mota da lambarta, a tambayi wanda ya ƙera ta. Mai adakar ƙarfe, gagara kintace! Yau 'yan tashar da suka raɗa maka suna su ne ke leƙa murfin mai kafin su buɗe baki, kuma adakarka tana ofishinsu, ka bar musu ita kowa ya duba.

Ranar da ya ajiye aiki, da muka taru a garejin, Alhaji Daudu ne ya miƙe da sandarsa ya ce a gaban kowa, "Na ba shi shekara ɗaya, ya ba mu goma sha biyu. Injin nan ba a taɓa buɗe shi ba." Hamma ya kawo motar har bakin rumfa don ta kai shi gida, Zulaikha ta zo da yarinyarta ta gaishe shi.

Mun gode, Baba Kashim. Allah ya ba idanunka lafiya, ya saka maka da abin da ba mu iya ba. Ku kuma masu motoci da masu gyaransu, ku cire yatsa daga galan. Ku duba murfi, ku nemi littafi, in yaren ya gagare ku ku je inda za a karanta muku, ko da Babura ne.

Ranar, kafin Baba Kashim ya shiga motar, ya sa hannu a aljihu ya ciro wata leda, ya damƙa mini. Takardar nan ce, ta yi ja, har yanzu da tabon man gyaɗa. Ya ce, "Sakatare, ga amana. Wannan karon kada ka ba Tasalla."

Tana nan a aljihun motar, inda na same ta.