Ma'azu Mai Lasifika

Da Ma'azu ya dawo Tawa daga sojan Faransa, bayan babban yaƙi, ya tarar uwarsa ta rasu, ƙanwarsa Kadidiya kuma ta yi aure can Bambeye. Ƙarar igwa ta cinye masa kunne, in an yi masa magana sai dai ya bi leɓe da ido. Abin da ya zo da shi akwatin ƙara sauti ne, da garmaho mai juya faifan waƙa, da lasifika mai baki kamar kwarya. Da su ya riƙa zuwa biki da suna.

Akwatin yana da maɓalli guda mai kaurara sauti. In ya murɗa shi har ƙarshe, ganga takan yi nauyi har ya ji ta a ƙirjinsa, abin da ya saura masa na ji ke nan. Sai dai kaurin sauti yana shan ƙarfin akwatin fiye da komai. Muryar mawaƙi ta shaƙe, 'yan kwalaben lantarki da ke cikinsa su yi zafi, batir ya mutu tun mata ba su gaji da rawa ba.

Rissa, direban babbar mota mai cika masa batir, ya taɓa dafa kafaɗarsa, ya yi magana a hankali don ya ga bakinsa.

"Malam Ma'azu, akwatin ga ƙarfinai ƙayyadadde na. In ka ba ganga duka, mi ka bar wa murya?"

"Na sani," in ji Ma'azu. "Amma in na rage, ku ne kaɗai a wurin bikin. Ni ba na nan."

Shekarar da aka fara yawon neman ƙuri'a, 'yan wata jam'iyya suka ɗauke shi zuwa Takanamat ranar kasuwa. Ya sa faifai don tara jama'a, manoma da makiyaya suka kewaye motar. Ganin taron, hannunsa ya kai kan maɓallin, ya murɗa shi har ƙarshe. Da ɗan takara ya karɓi abin magana, akwatin ya riga ya yi zafi. Muryar ta fito a dakushe, sai hayaƙi, sai ƙauri. Ma'azu na can yana murmushi, shi ne na ƙarshe da ya gane an yi shiru.

Kwalba guda ta ƙone a cikin akwatin, ba a sami irinta a Tawa ba, kuma ba wanda ya sake kiransa. Kadidiya ta zo ta ce ya bi ta Bambeye, akwai ɗaki. Ya je ya yi damina ɗaya. Gidan cike da mutane, ana hira ana dariya, shi yana gefe yana bin bakuna da ido har ya gaji.

Bayan girbi ya komo Tawa, ya kama gadin wani rumbun gero a bayan gari. Nan ya tsufa. Masu wucewa da jakai sukan ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga.