Sallar da muka yi ɗakinmu ba rufi

Shekarun baya, a ƙarshen babban farin nan da ya kwashe dabbobi ya bar rumbuna wayam, ina ƙaramin malamin lakol, wato makarantar boko, a Gazawa. Ɗiyata ta fari tana da shekara uku da 'yan watanni, mahaifiyata kuma tana zaune tare da mu tun bayan rasuwar mahaifina. Gidan ɗaki biyu ne na ƙasa, nata da namu, sai rumfar kara a tsakar gida inda matata ke girki.

Ana tsakiyar azumi, wata safiya, azara ɗaya ta rufin ɗakinmu ta karye. Ashe gara ta daɗe da cinye ta ta ciki, ba mu sani ba. Ƙasar rufin ta zubo daidai kan tabarmar da yarinyar ke kwana. Allah Ya sa ta riga ta tashi ta bi kakarta. Matata ta tsaya tana kallon wurin, can ta ce, "Malam, ni da ɗakin nan sai an gyara shi."

Na tsorata, amma in faɗi gaskiya, har da murna a raina. Na daɗe ina son gyara ɗakin nan. Kafin la'asar na gama tsara komai a bayan wata takarda. Za a kware rufin gaba ɗaya, a sa sabbin azara, a fasa taga ta wajen kudu, a yi yaɓe, a shafa farar ƙasa. Duk kafin Sallah, don masu zuwa barka da Sallah su gani su yaba. Shekara biyu ba mu yi wani abu sabo a gidan nan ba, kullum sai maganar abin da ya ƙare. Ranar har waƙa na kama kaina ina yi.

Mahaifiyata ce kawai ba ta taya ni murna ba.

"Watan shuka ya kama, kai kuma yanzu za ka buɗe ɗaki?" in ji ta.

"Inna, ina ruwan yake? Bara haka muka zauna muna kallon sama har gero ya bushe bai kai gwiwa ba. Ni fa ina sauraren rediyo, ba a ce komai ba."

Ta dube ni ta ce, "To, mai rediyo." 

Na kira wani tsohon magini maƙwabcinmu, wanda ya yi watanni ba aiki. Shi ba ya kirana da komai sai Mushe, yadda ake ce wa malamin lakol a wajenmu. Cikin kwana biyu ya kware rufin tas. Matata da yarinyar suka koma ɗakin mahaifiyata, ni na shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Gado da akwatuna muka tura ƙarƙashin rumfa. Buhun dawarmu guda ɗaya tal, wanda shi ne abincin gidan duka, na bar shi a kusurwar ɗakin da aka kware, saboda shi ke da ƙyaure mai makulli. Na kulle, na sa makullin a aljihu, ina ganin na yi dabara.

Wahalar aikin duk a ruwa take. Rijiyar unguwarmu ta yi nisa, sai an yi layi tun asuba. Ƙasar gini kuwa ba ta kwaɓuwa sai ta sha. Matata ta kafa doka: ruwan wanke-wanke, ruwan wanki, har ruwan alwala, duk a ramin kwaɓi za a zuba. Wanda ya zubar da ko ludayi ɗaya a banza zai sha faɗa. Ba wanda ya riƙe dokar nan kamar ɗiyata. In maginin ya zo alwalar azahar, tsaye take a kansa, hannu a ƙugu, tana cewa, "Baba tsoho, a rami! A rami!" Shi kuma ya ja butarsa ya matsa yana dariya.

Ita dai ba ta taɓa jin daɗin duniya kamar kwanakin nan ba. Gida ya zama filin wasa. Ta samo gwangwanin madara tana ɗibar kwaɓaɓɓiyar ƙasa tana gina nata ɗakin a gindin katanga, wai na 'yar tsanarta. Kullum da yamma sai an kankare ta kamar rogo, da rabin kwanon ruwa, uwarta na mita ita tana ƙyalƙyala dariya. Wata rana ta shiga ɗakin da ba rufi, ta ɗaga kai ta ga sama, ta ce mini kar a rufe, haka ya fi kyau.

Abin da ya ɓata lissafina azara ne. A kasuwar Gangara na same su, mai amalanke ya yi alkawarin kwana biyu. Jakinsa ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, sai ya yi 'yar tafiya ya tsaya. Ba su iso ba sai ranar jajibiri da yamma. Maginin ya dube su, ya dube ni, ya ce, "Mushe, sai dai bayan Sallah." Haka muka wayi garin Sallah, taga an fasa, yaɓe rabi, sama a buɗe.

Duk da haka mun yi kwalliya. Matata ta yanka ɗaya daga cikin zannuwan aurenta ta ɗinka wa yarinyar riga da ɗan kwali. Ni na saka babbar rigata fara. A filin idi liman ya daɗe yana roƙon ruwa, dattawa na share hawaye. Na ɗaga hannu na ce amin da ƙarfi kamar kowa. Ko kaɗan ban tuna ɗakina a buɗe yake ba.

Bayan azahar zafi ya yi nauyi, ganye ko motsi ba ya yi. Muna zaune a rumfa da wasu maƙwabta da suka zo barka da Sallah, ina nuna musu tagar ina bayani, sai mahaifiyata ta miƙe tsaye ta fuskanci gabas.  Muka bi ta da kallo. Hadari ne, baƙi ƙirin, ya haɗe tun daga ƙasa. Iska mai sanyi ta bugo, da wannan ƙamshin da muka manta. Daga can bayan gari muka ji guɗa, wata ta amsa, wata ta amsa, har ta iso unguwarmu. Baƙina suka watse da gudu, wani har ya bar takalminsa.

Ɗigon farko ya faɗo a kan faranti kamar an jefa tsakuwa. Kafin mu ankara ruwan ya sako gaba ɗaya.

Ɗiyata tana tsakiyar gida. Ta tsaya cak, ruwa na dukanta, ta ɗaga kai tana neman inda yake fitowa. Ba ta da wayon tuna ruwan sama, 'yan yayyafin bara sun wuce tana goye. Sai ta rugo ta kama rigata, ido ya raina fata, ta ce, "Baba, wa ke zubarwa? Ka ce ya bari! Mama za ta yi faɗa! A rami ake zubawa!"

Matata ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, ta durƙusa a cikin ruwan ta rungume ta tana cewa, "Wannan ba mai faɗa, 'yar nan. Allah ne Ya aiko mana. Je ki yi wasa." Yarinyar ta dube ta kamar ba ta yarda ba. Sai ta ga kakarta, tsohuwar da ko tafiya da sauri ba ta yi, ta ɗaga hannu sama tana juyi a tsakar gida. Nan ta saki jiki. Ta yi ta tsalle a cikin taɓo da rigar Sallah, baki buɗe tana tarar ruwa.

Ni ma ina tsaye ina washe baki, sai matata ta ƙwala ihu, "Malam, dawa!"

Na ruga ƙofar ɗaki na laluba aljihu. Ba makulli. Yana cikin rigar da na cire da safe, rigar kuma ban san a wane akwati take ba. Na ɗauko tsanin magini na jingina a bango, na hau da babbar riga, sabon yaɓe na narkewa a hannuna, na dira ciki na faɗi zaune a cikin ruwa. Na rarrafa na kife a kan buhun, na baza rigar na lulluɓe shi. Sai a lokacin na gane ban san yadda zan fita da shi ba. Ina nan kife kamar kaza a kan ƙwai, ruwa na dukan bayana, na ji ƙyaure ya buɗe. Matata ce da makulli a hannu, mahaifiyata a bayanta.

Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Mai rediyo, me aka ce yau?"

Muka kama buhun mu uku muka kai ɗakinta, muna tuntuɓe muna dariya. Saman ne kawai ya jiƙe, aka shanya shi daga baya. Ruwan bai ɗauke ba sai kusan magariba. Duk garin ya fito waje, manya da yara, kowa jiƙe sharkaf da kayan Sallah, ana ta yi wa juna barka sau biyu.

Da gari ya waye mahaifiyata ta sa ni na janyo wani tulu daga ƙarƙashin gadonta, bakinsa liƙe da laka. Ta fasa lakar. Irin gero ne, gauraye da toka don ƙwari. Duk tsananin da aka shiga, duk ranakun da muka wuni da kunu tsararo, ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. 

Muna cikin haka maginin ya yi sallama. Na ɗauka aiki ya zo, sai na gan shi da sungumi a kafaɗa.

"Baba, ɗakin fa?"

"Mushe, ɗaki ya jira. Ƙasa ba za ta jira ba." Ya wuce abinsa.

Mu ma gona muka nufa. Ina sara da sungumi, matata da mahaifiyata na bi suna zuba iri. Ɗiyata ta nace sai ita za ta rufe. Tana bin su tana taka ramin da ɗan diddigenta, ta rufe ɗaya ta tsallake uku, ni kuma in dawo in gyara.

Ɗakin nan sai da ya yi kusan mako uku a buɗe. Muka jera azara muka ɗora zana da wani tsohon tanti, ruwa ya ƙara dukansa har sau huɗu, saman bangon gabas ya narke sai da aka sake shi. Farar ƙasa kuwa ba a shafa ba sai wata shekarar. Amma da kaka mun ɗaure dammunan gero a gonar nan, karon farko cikin shekara uku.

Da na manyanta na zauna na yi tunani, na gane ba rediyo ba ne ya sa na kware ɗaki a bakin damina. Zuciyata ce ta riga ta fid da rai ban sani ba. Bakina na roƙo tare da jama'a, aikina kuma na mutumin da ya daina jira ne. Tsohuwar da nake ganin ban da addu'a ba ta san komai ba, ita ce ta yi shiri.

Yanzu gidana na siminti ne da rufin kwano. Akwai wani wuri a falo da ke yoyo duk damina, 'ya'yana sun gaji da cewa in kira mai gyara. Zan kira shi. Amma in an fara ruwa, na kan tara roba a wurin, in ja kujera in zauna kusa, in yi ta sauraro har ta cika.