Hajiya Ummukulsum Lado, Gandirobar da ta Riƙa Fito da Cibiyoyi

Haihuwa

An haifi Hajiya Ummukulsum a watan Rajab na shekarar 1397 bayan Hijira, daidai da Yunin 1977, a ɗakin mata na wani gidan yari a ƙasar Daura. Mahaifinta Malam Lado dillalin dabbobi ne a kasuwar Mai'adua, mahaifiyarta Zubaida kuma mai sayar da fura ce. Wani falke daga Nijar ya ba Zubaida ajiyar ƙunshin atamfofi, ashe na sata ne, aka tsare ta da tsohon ciki tana jiran shari'a, kuma ba a tabbatar da rashin laifinta ba sai da jaririyar ta fara zama.

Al'adar mutanenmu ce idan an haihu a wanke mabiyiya tare da guntun cibiya, a naɗe a farin ƙyalle, a binne a bayan ɗaki, daga nan wurin ya zama asalin mutum har abada. Ta Ummukulsum a gindin katangar gidan yari aka binne ta. Kuma da yake Bahaushe ba ya rasa laƙabin da zai tuna wa yaro yadda ya zo duniya, sai aka riƙa kiranta Takurkuku.

Karatu

Ta yi allo da firamare a Mai'adua, ta kammala sakandaren 'yan mata a 1995, ana riƙonta a Daura wurin kawunta Alhaji Harisu, magatakardan kotu. Laƙabin ya bi ta har aji, kuma duk wadda ta yi faɗa da ita ta san da me za ta rufe mata baki. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba.

A shekarar 2000, da Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, sai matasa suka yi ca a kan karatun shari'a. Alhaji Harisu ya zaunar da ita ya shimfiɗa mata hanyoyi: ko diflomar shari'a wadda ke kai mutum aikin kotu, ko digirin lauya a jami'a, ko kwalejin 'yan sanda, ko nazarin halayyar jama'a ga mai son aikin jin daɗin al'umma. Makarantar horar da gandirobobi kuwa ko ambatonta bai yi ba. Ta zaɓi diflomar, ta gama a 2002 da sakamakon da ya isa ya kai ta jami'a, har kawun ya fara kiranta Barista a gaban baƙi. Sai ta nemi aikin gidan yari, ta tafi Kaduna horo. Alhaji Harisu ya yi fushin da ya kai shi ƙin amsa gaisuwarta har babbar Sallah, yana cewa an sha wuyar fito da ita tana jaririya, yanzu ta koma da ƙafarta.

Aure da aiki

Ta auri Malam Jafaru Kalilu, malamin firamare, a 1997, suka zauna a wani gida mai ƙaramin fili a bayan ɗaki, ba nisa da rijiyar Kusugu. A 2004 aka ba ta kula da sashen mata na gidan yarin da take aiki. A daminar wannan shekara wata Bafulatana daga Mashi mai jiran shari'a ta haihu kafin a samu motar asibiti. Ummukulsum ta wanke mabiyiyar da hannunta, ta nemi yardar uwar, ta sa a ƙwarya, ta fito da ita ta babbar ƙofa, ta binne a bayan ɗakinta. Malam Jafaru ne ya haƙa ramin, kuma shi ya ci gaba da haƙawa duk lokacin da ta dawo da ƙwarya a rufe, har ya riƙa tsokanarta da cewa shi kaɗai ne manomin da ke shuka ba ya jiran girbi.

Kullum ƙoƙarinta a kai mai naƙuda asibiti, ko a samar mata beli kafin watanta ya kama, kuma a nan diflomarta ta yi rana, domin ta san ƙofar da ake bugawa a kotu. Sai inda hakan ya gagara take ɗaukar ƙwarya.

Tuhuma

A 2011 wani sabon shugaba ya tuhume ta da fitar da kaya daga gidan yari ba da izini ba, laifin da kan kai ga kora. Aka kafa kwamiti. Abokan aiki suka ba ta shawara ta ce kuskure ne, ta yi alkawarin dainawa, ta ƙi. Waɗanda suka halarci zaman sun ruwaito cewa ta ce: "Ranka ya daɗe, uwar ce alƙali ya ce a tsare. Ɗan bai je kotu ba, balle cibiyarsa." Ba a kore ta ba, amma an yi mata gargaɗi, ƙarin girmanta kuma ya maƙale, har waɗanda ta koya wa aiki suka wuce ta. Wannan ya yi mata ciwo. Duk da haka ba a hana ta ƙwaryar ba, sai dai aka ce a riƙa buɗewa a ƙofa, kuma masu gadin ba su cika son leƙawa ba.

Shekarun ƙarshe

Ta yi digiri a nazarin laifuffuka ta hanyar karatu daga gida, ta gama a 2016, ta sauke farali a 2018. 'Yan mata masu gama sakandare kan zo neman shawara, ita kuma takan jera musu hanyoyin nan da kawunta ya jera mata, sannan ta ƙara da wadda ya tsallake. Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ta yi wasiyya a gaban shaidu cewa filin bayan ɗakinta ya zama waƙafi daga cikin sulusin dukiyarta, kada a sayar, kada a yi gini, kada a zuba siminti.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa ranar Juma'a, 10 ga Maris 2023, cikin watan Sha'aban, aka sallace ta bayan an sauko daga masallaci, aka kai ta makwancinta a Daura. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: Yahya, mai gabatar da ƙara, Lubna, ungozoma, da Abdulmuhaimin, ɗalibin shari'a. Ta kuma bar wasu goma sha ɗaya a Mashi da Mai'adua da Zango da tsallaken iyaka, waɗanda idan an tambaye su inda aka binne cibiyarsu sukan ce gidan Hajiya Umma, kusa da Kusugu, kuma gaskiya suka faɗa. Allah Ya jiƙanta da rahama. Tata cibiyar tana nan a gindin katanga, inda aka binne ta a 1977.