Ɗakin Gawayin Yaya Sule

Shekara tara ke nan da rasuwar wana, Yaya Sule. Ba sananne ba ne. Manomi ne a wani ƙauye ta wajen Kusasu, da rani kuma yakan shiga daji ya sari ƙirya ya ƙona gawayi, kamar sauran mutane.

Abin da ya sauya shi ya faru ne a wata damina. Matarsa Hanne ta haifi bakwaini ana tsakiyar marka. Don kada sanyi ya kama jaririn, aka sa musu garwashi a kasko, aka rufe ƙofa da taga. Da aka buɗe, Hanne a sume take. Ita ta farfaɗo, yaron bai tashi ba. Gawayin kuwa Yaya ne ya ƙona shi da hannunsa.

Bai ɗora wa kowa laifi ba. Bayan sadakar bakwai ya ce da ni, "Ƙanena, dole akwai yadda ɗaki zai yi ɗumi ba tare da an shigar da wuta cikinsa ba."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. Ya bar sarar itace. Ya koma tara ɓuntun shinkafa da totuwar masara, yana babbaka su a ganga har su yi baƙi, ya daka, ya kwaɓa da jar ƙasa ya yi tubali. Ya lura irin wannan tubalin ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri. Sai ya gina ɗaki, ya yi bango uku da shi, na huɗun kuma ya yi shi da zallar ƙasa mai kauri, ya jingina murhun girki da bayansa ta waje. In Hanne ta yi tuwo, bangon ya sha zafi, ya yi ta sakinsa a hankali, sauran bangayen su tsare shi.

Ɗakin farko ya zube a ruwan farko, aka yi ta dariya. Na biyun ya tsaya. A cikinsa Hanne ta yi jegon 'ya'ya uku, maƙwabta kuma, Musulmi da Kirista, suka riƙa aron ɗakin in an haifi jariri mai rauni.

Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, muka dawo cikin Birnin Gwari. A ɗakin haya na bulo da kwano ciwon ƙirji ya kwantar da Yaya, a nan ya cika.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Motocin gawayi ba su daina fita ba, ɓuntu kuma ana cinna masa wuta a bayan injin casa. Ina jin zai girgiza kai ne kawai. 'Yata da ke karatun gini a jami'a ta ce min masana suna bincike a kan irin wannan haɗin.

"Amma Baba, gawayin Baffa ya yi yawa," in ji ta. "Shi ya sa bangon yake marmashewa."

Da ya ji, ba zai yi musu ba. Zai ce ta zo ta nuna masa, don mai tambaya ba ya ɓata.

Bara, da hanya ta ɗan lafa, na leƙa ƙauyen. Ɗakin ya rushe, saura tudun baƙar ƙasa da ciyawa ta rufe. Ban zaci zai daɗe ba, ginin ƙasa sai da mai shi. A hanyar dawowa na tarar da wani magidanci, baƙon fuska, yana kwaɓa ƙasa da garin gawayi, matarsa da tsohon ciki tana ɗebo masa ruwa. Na yi masa sannu da aiki, na tambaye shi wa ya koya masa.

Ya ce, "Malam, ai haka ake yi a nan."

Na yi niyyar faɗa masa sunan Yaya, sai na fasa. Na ce ya rage gawayin kaɗan, na kama hanya. Allah ya jiƙan Yaya.